Kwamfuta Ba Ta San Amsa Ba, Kusanto Ta Take Yi

Akwai wani zato da ya yi kaka-gida a zukatan ɗalibai da yawa, har da wasu daga cikin malamansu, cewa na'ura mai ƙwaƙwalwa, watau kwamfuta, ta san amsar kowace matsala ta lissafi, kuma duk abin da ta fitar ba a ja da shi. Wannan zato kuskure ne, kuma kuskure ne mai tsada. Galibin matsalolin da masana kimiyya da injiniyoyi ke miƙa wa kwamfuta ba su da cikakkiyar amsar da za a rubuta a layi ɗaya a ja mata layi a ƙasa, irin yadda ake yi a jarrabawa. Yadda iska ke zagaya fiffiken jirgin sama, da yadda nauyin manyan motoci ke rarrabuwa a jikin gada, da yadda cuta ke yaɗuwa a cikin gari, duk babu mai irin wannan amsa. Abin da na'urar ke yi shi ne ta yi ta tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa sau miliyoyi, bisa wata dabara da ɗan Adam ya tsara mata, har ta matso kusa da amsar. Waɗannan dabaru su ne a nan za a kira lissafin kusanto. Sun girmi kwamfuta nesa ba kusa ba, ana iya koyon tushensu da fensir da takarda, kuma ya kamata a fara koyar da su tun daga sakandare, musamman ga ɗaliban ilimin halittu, waɗanda suka fi kowa gudun lissafi.

Kafin a kai ga hujja, ya kyautu mai karatu ya ga abin da idonsa. A ɗauki wannan tambaya: wace lamba ce idan aka ninka ta da kanta za ta ba da 2? Ba 1 ba ce, domin 1 sau 1 bai wuce 1 ba. Ba kuma 2 ba ce, domin 2 sau 2 ya zama 4. To, sai a yi cinke a ce 1.5 ce. A raba 2 da 1.5, za a sami 1.3333. Tun da 1.5 ta yi yawa, 1.3333 kuma ta yi kaɗan, amsar tana tsakaninsu, saboda haka sai a ɗauki tsakiyarsu, watau 1.4167. A sake raba 2 da wannan sabuwar lamba, za a sami 1.4117, tsakiyarsu kuwa 1.4142. Idan aka ninka 1.4142 da kanta, abin da zai fito shi ne 1.99996. Zagaye biyu kacal, ga shi an kusa cimma 2. Amma ba za a taɓa cimma ta cif-cif ba ko da za a shekara ana zagayawa, domin lambobin wannan amsa da ke bayan ɗigo ba su da iyaka. Heron na Iskandariyya ta ƙasar Masar ya bayyana wannan dabara a ƙarni na ɗaya miladiyya. Tun kafin shi ma, wani allon yumɓu na mutanen Babila, wanda ke ajiye a Jami'ar Yale ta Amurka, kuma aka rubuta tsakanin shekaru 1800 zuwa 1600 kafin miladiyya, yana ɗauke da wannan amsa daidai har lambobi biyar bayan ɗigo.

Abin lura a nan shi ne mai lissafi ne ke yanke shawarar inda zai tsaya. Kafinta mai yanka katako ya wadatu da 1.41, mai ƙera madubin hangen taurari ba zai wadatu da ita ba.

Tafiya Mataki-Mataki

Dabarar da ta fi shafar ilimin halittu ita ce wadda Leonhard Euler, haifaffen Basel ta ƙasar Suwizalan, ya bayyana a littafinsa na 1768. Ta dace da duk wani abu mai canzawa, wanda saurin canzawarsa ya dogara ga halin da yake ciki. Alal misali, a ce akwai ƙwayoyin bakteriya 1,000 a cikin kwalba, kuma saurin ƙaruwarsu a kowane lokaci daidai yake da yawansu: idan su 1,000 ne suna ƙaruwa da saurin 1,000 a awa, idan sun kai 1,500 saurin ya koma 1,500 a awa. Nawa za su zama bayan awa ɗaya? Wahalar ita ce saurin ba ya tsayawa wuri ɗaya, da zarar sun ƙaru shi ma ya ƙaru. Shawarar Euler ita ce a yanka lokacin gunduwa-gunduwa, a ɗauka cewa a cikin kowace gunduwa saurin bai canza ba, a lissafa, sa'an nan a gyara saurin a shiga ta gaba.

Idan aka yi awar a mataki ɗaya, amsa ita ce 2,000. Idan aka raba ta biyu, rabin awa na farko zai ƙara 500 su zama 1,500, na biyu ya ƙara 750 su zama 2,250. Da matakai huɗu amsar 2,441 ce, da matakai sittin kuwa, watau minti-minti, 2,696. Wannan matsala tana cikin 'yan ƙalilan da aka san ainihin amsarsu, wadda ita ce kimanin 2,718, shi ya sa ta yi daɗin koyarwa: ɗalibi yana gani ƙarara cewa tambaya ɗaya ta ba da amsoshi huɗu, babu wadda ta yi daidai, amma kowace ta fi ta bayanta kusanci.

Sai dai dogon mataki ba rashin kusanci kaɗai yake jawowa ba, yakan haifar da shirme tsagwaronsa. A ce an yi wa majiyyaci allurar magani miligiram 100, jikinsa kuma yana fitar da shi da saurin rabin abin da ya rage a awa. Ainihin abin da zai saura bayan awa uku kimanin miligiram 22 ne. Da matakan rabin awa za a sami 17.8, da matakan awa ɗaya 12.5. Amma wanda ya yi gaggawa ya haɗe awa ukun a mataki ɗaya zai ɗebe 150 daga 100, ya sami miligiram 50 ƙasa da sifili. Kwamfuta za ta buga wannan amsa ba tare da ko ɗar ba, domin ba ta san cewa jinin mutum ba ya cin bashin magani ba. Wanda ya san jiki ne zai ce a dakata.

Ba kuma za a ce a yi ta rage mataki ba iyaka ba. Kamar yadda ba a iya rubuta sulusi cif da lambobin bayan ɗigo, sai dai 0.3333 a yanke, haka kwamfuta, wadda ke ƙirga da 0 da 1 kawai, ba ta iya riƙe 0.1 cif. Kowane lissafi tana zubar da ɗan ɓurɓushi, idan matakai suka yi yawa ainun ɓurɓushin ya taru ya zama tsibi.

Makonni Uku Ana Murza Hannun Na'ura

Babbar shaida cewa ƙarfin yana cikin dabara, ba cikin na'ura ba, ta fito ne daga ilimin halittu kansa. Tun 1939 Alan Hodgkin da Andrew Huxley na Jami'ar Kambirij ta Ingila suke binciken yadda saƙo ke tafiya a cikin jijiya, irin saƙon da ke sa mutum ya janye hannu idan ya taɓa garwashi. A ɗakin binciken halittun teku da ke Plymouth suka yi aikin, da wata halittar teku marar ƙashi mai hannuwa goma da ake kira sikwid. Dalilin zaɓenta shi ne tana da zaren jijiya mai kaurin kusan rabin milimita ko fiye, wanda za a iya zura masa siririyar waya a ciki. Yaƙin Duniya na Biyu ya katse aikin, sai bayansa suka koma, kuma a 1949 suka yi aune-aunen da suka zama ginshiƙin bincikensu.

Abin da suka gano shi ne saƙon jijiya wani ɗan bugu ne na lantarki, wanda ke faruwa idan tantanin da ya lulluɓe zaren ya bar sinadarin sodiyam ya kwarara ciki, jim kaɗan kuma ya bar fotashiyam ya fita. Duk wannan a cikin kashi ɗaya ko biyu daga dubu na daƙiƙa yake aukuwa. Suka taƙaita aune-aunensu cikin jimlolin lissafi huɗu masu sarƙe da juna: ƙarfin lantarki shi ke buɗe wa sinadaran hanya, shigar sinadaran kuma ita ke canza ƙarfin lantarkin. Irin matsalar ƙwayoyin bakteriya ce, sai dai abubuwa huɗu ne ke canzawa lokaci guda, kowanne yana jan sauran. Babu wata dabarar aljabara da za ta warware su. Idan ana son a san ko jimlolin gaskiya suke faɗa, dole a bi su mataki-mataki a ga ko za su haifar da bugu irin na jijiya mai rai.

A lokacin Kambirij tana da kwamfuta mai suna EDSAC, ɗaya daga cikin na farko a duniya, amma a 1951 aka shaida musu cewa za ta yi wajen wata shida a rufe ana yi mata gyara. Maimakon ya zauna jira, sai Huxley ya jawo wata na'urar lissafi ta tebur, ƙirar Brunsviga ta Jamus, wadda ake murza wa hannu kamar keken ɗinki, ya fara. Dabarar da ya bi ta fi ta Euler inganci, amma jininsu ɗaya. Inda abubuwa ke canzawa da sauri yakan yi mataki gajere ƙwarai, kashi ɗaya ko biyu daga dubu ɗari na daƙiƙa. Inda suka lafa sai ya tsawaita shi har kashi ɗaya daga dubu. Wannan ba ƙaramar hikima ba ce, kuma ita ce manhajojin kwamfuta masu kyau ke bi har yau: a yi sannu a inda hanya ta yi gargada, a saki jiki a inda ta miƙe.

Mafi wuyar aikin shi ne gano saurin tafiyar saƙon, domin saurin yana cikin jimlar da ake son warwarewa, alhali shi ake nema. Sai ya zama Huxley yana cinken sauri, ya bi matakan ɗaya bayan ɗaya. Idan cinken ya kauce ta wannan gefe, lissafin ya haura sama ba iyaka. Idan ya kauce ta wancan, ya nutse ƙasa ba iyaka. Daga nan ya san amsar tana tsakani, ya gyara cinke, ya koma. Mai karatu zai gane cewa wannan ƙanwar dabarar nan ce ta neman lambar da ke ba da 2. Hodgkin ya ba da labari daga baya cewa wannan lissafi ya ci kimanin makonni uku. Amsar da ta fito ita ce mita 18.8 a daƙiƙa. Da aka auna a jijiya ta gaske, aka sami mita 21.2.

Wani zai ce ai ba su yi daidai ba. Haka ne, kuma sun buga lambobin biyu yadda suke a rahotonsu na 1952, ba su ɓoye tazarar ba. Amma jimlolin da aka gina daga wani irin awo dabam sun yi hasashen sauri da siffar bugun jijiya da kusanci irin wannan, abin da ya gamsar da masana cewa bayanin nasu yana kan hanya. A 1963 aka ba su kyautar Nobel tare da John Eccles. 'Yan ƙofofin da ke jikin tantanin, waɗanda lissafin ya nuna alamarsu, sai a 1976 Erwin Neher da Bert Sakmann suka iya auna wutar da ke ratsa guda ɗaya daga irinsu. Lissafi ya riga na'urar awo isa wurin da shekaru fiye da ashirin.

Ba a Turai kaɗai aka yi irin wannan aiki ba. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da Gwamnatin Nijeriya sun gudanar da babban bincike kan zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukan gundumar Garki, wadda a lokacin take cikin Jihar Kano, yanzu kuwa Jihar Jigawa. A 1974 Klaus Dietz da Louis Molineaux da Anthony Thomas suka buga tsarin lissafin da ya kasa jama'a rukuni bakwai, gwargwadon ko mutum yana ɗauke da ƙwayar cutar, ko yana iya ba sauro ita, da kuma ƙarfin garkuwar jikinsa. Ana matsar da mutane daga rukuni zuwa rukuni mataki-mataki, a kwatanta sakamakon da abin da aka gani a jinin mutanen ƙauyukan. Lambobin da aka ciyar da lissafin ba daga sama suka faɗo ba: masu kama sauro da masu duba jini a madubin likita ne suka tattaro su, damina da rani. Binciken ya nuna cewa feshin maganin sauro a ɗakuna tare da raba magani ga jama'a sun rage cutar ƙwarai, amma ba su katse yaɗuwarta ba, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne wasu sauraye a waje suke hutawa bayan cizo, feshin bango bai same su ba. Wannan batu ne na ɗabi'ar sauro, masanin halittu ne zai gano shi, shi ne kuma zai san inda ya kamata ya shiga cikin lissafin.

Duk da haka, ɗalibi a Nijeriya mai neman karatun likita yana zama jarrabawar JAMB ne a Turanci da ilimin halittu da kemistiri da fiziks, babu lissafi a ciki. Da yawa sukan fahimci haka a matsayin sallama tsakaninsu da lissafi har abada, da zarar sun sami kiredit ɗinsa a takardar sakandare.

Hujjar Masu Ja

Masu ja da wannan ra'ayi suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Sukan ce abin da ya ci wa Huxley makonni uku, wayar hannu za ta gama shi kafin ƙiftawar ido. Manhajojin da ƙwararru suka rubuta suna zaɓen mataki da kansu. Manhajar karatun sakandare kuma ta riga ta cika maƙil, malamai ba su gama wadda ke hannunsu ba balle a ƙara musu. Me zai sa a wahalar da yaro da abin da na'ura ta ɗauke masa?

Amsar tana gaɓar tekun ƙasar Nowe. Ranar 23 ga Agusta, 1991, a wani mashigin teku kusa da birnin Stavanger, ana gwajin nutsar da gindin kankare na wani katafaren dandamalin haƙar iskar gas mai suna Sleipner A, sai wani bango na ciki ya tsage. Ruwa ya rinjayi famfunan da ke kwashe shi, ginin ya nutse gaba ɗaya. Babu wanda ya rasa ransa, amma an ƙiyasta asarar a kan kimanin dala miliyan 700, kuma faɗuwarsa a ƙasan teku ta sa na'urorin auna girgizar ƙasa sun motsa. An tsara ginin ne da kwamfuta, ta hanyar dabarar da ke yanka jikin gini zuwa ƙananan gutsattsari a lissafa nauyin da ke kan kowanne, watau irin yankan da Euler ya yi wa lokaci, amma a nan wa jikin kankare. Bincike ya gano cewa a wata kusurwa da bangaye suka haɗu, yankan bai yi kyau ba, har lissafin ya rage ƙarfin da ke neman tsaga bangon da kashi 47 cikin ɗari. Bisa wannan amsa aka yi bangon, ga kuma rodin da aka sa wurin bai kama yadda ya kamata ba. Da aka maimaita lissafin da kula bayan hatsarin, sai ya nuna bangon zai tsage a zurfin mita 62; a zahiri ya tsage a mita 65.

Dabarar ba ta yi ƙarya ba ke nan, na'urar ma ba ta lalace ba. An yi mata tambaya a karkace ta ba da amsa a karkace, aka karɓa. Wasu injiniyoyi na Jami'ar Toronto ta Kanada da suka yi nazarin hatsarin a 1997 sun jaddada cewa komai girman gini da ƙwarewar manhaja, ana iya ƙiyasta muhimman lambobinsa da ɗan lissafin hannu, kuma ya wajaba a riƙa yin haka domin a binciki abin da kwamfuta ta fitar. Saurin na'ura bai rage buƙatar wannan bincike ba, ƙara ta ya yi, domin yanzu amsa takan fito da zane mai launi da lambobi goma bayan ɗigo, kwarjininta ya hana a tambaye ta. Wanda bai taɓa ganin 2,000 ta koma 2,250 don kawai an raba mataki biyu ba, ba zai yi tunanin tambayar wane mataki aka yi amfani da shi ba.

Batun cikar manhajar karatu kuwa, abin da ake nema bai kai sabon darasi ba. Duk lissafin da ke cikin misalan nan na bakteriya da magani bai wuce ninkawa da tarawa ba, ɗan aji ɗaya na babbar sakandare zai iya. Ba a buƙatar wutar lantarki, ba a buƙatar ɗakin kwamfuta, abubuwan da makarantu da yawa ba su da tabbacinsu. Malamin ilimin halittu da ya zo kan darasin ƙaruwar yawan halittu, maimakon ya zana lanƙwasasshen layin nan a allo ya ce a kwafa, yana iya kasa aji gida uku: waɗannan su yi awar a mataki biyu, waɗancan a huɗu, na ƙarshe a goma, kowa ya rubuta amsarsa a allo. Za a ga 2,250 da 2,441 da 2,594, gardama ta kaure a kan wane ne ya yi daidai, kuma a cikin wannan gardama darasin yake. Idan malamin lissafi ya yarda ya shigo ajin a ranar, ya fi kyau, ko da yake an san ba kasafai ɗakunan malaman biyu ke leƙa juna ba.

Inda makaranta take da kwamfuta, sai a kai ɗaliban bayan sun yi na hannu, ba kafin ba. A sa su rubuta misalin maganin a manhajar jadawali irin su Excel, su ga na'urar ta maimaita 12.5 ɗin da suka samu da fensir. Daga nan a ce su rage mataki zuwa rabi su duba ko amsar ta motsa, su sake ragewa har ta daina motsi a lambobin da ake buƙata. A ƙarshe a sa su tsawaita matakin zuwa awa uku, a bar su da miligiram 50 ƙasa da sifili a kan allon na'urar, a tambaye su abin da za su gaya wa likitan da ke jiran wannan amsa.